Rijiyar da Na Cike

Ban taɓa shirin zama mai gidan haya ba. Ni mutumin gona ne da hatsi. Gonarmu tana gefen Zurmi, can na tashi, can na koyi awon gero da dawa, daga baya na riƙa kawo buhuna kasuwar Ƙaura ina komawa. Da zaman ƙauye ya gagara, ya zama mutum bai san ko zai girbe abin da ya shuka ba, na kwashe iyalina muka dawo Ƙauran Namoda gaba ɗaya. Na sayar da shanun huɗa da sauran dabbobin da suka rage. Abokan zamana na kasuwa suka ce in zuba abin a gini, tunda gida dai ba wanda zai kora shi ya shiga daji da shi. Na ji maganarsu.

Gidan da na samu yana wata unguwa ta gangare, a hanyar da ɗaliban foli, wato kwalejin fasaha, suke bi. Ɗakuna ne jere biyu suna kallon juna, tsakar gida 'yar siririya, salga da makewayi a ƙuryar baya, rijiya kuma a tsakiya an ɗaure bakinta da siminti. Ban tsaya duba ɗakunan sosai ba, kan rijiyar na tsaya. Na zura guga, ban saki igiya da yawa ba na ji ya taɓa ruwa. Na jawo na kurɓa. Sanyi ƙalau, ba gishiri, ba ɗanɗanon kanwa. A garin da famfo kan yi wata da watanni bai ɗiga ba, rijiya irin wannan ita kaɗai ta isa ta cika maka ɗakuna. Haka kuwa aka yi, kafin in gama shafa wa ƙofofin fenti an kama su.

Ni da iyalina muna zaune a wani gidan kusa da kasuwa, sai dai in leƙo can in ga abin da ake ciki. Ɗalibai suna zuwa suna tafiya, wasu ban gama riƙe fuskarsu ba sun tashi. Mutum biyu ne suka zauna zama na gaske.

Ta farko wata mata ce Kirista daga kudu, tela, kowa Madam yake ce mata, ni ma haka. Mijinta gyaran janareta yake yi, yakan tafi Shinkafi aiki ya daɗe bai dawo ba. Suna da 'yan biyu, mace da namiji, lokacin ba su jima da fara tafiya ba. Madam ta daɗe a Ƙaura, Hausarta tas, kuma mace ce mai tsabta ta gaske. Ko ƙyallen ɗinki ɗaya ba ta bari a ƙasa.

Ta biyu Inna ce, matar ƙanen mahaifina. A Galadi ta yi zaman aurenta. Da mijinta ya rasu, garin kuma ya zama ana kwana da takalmi a ƙafa, aka ɗauko ta a babur da ƙullin kayanta aka kawo mini. Na ba ta ɗakin ƙurya ta zauna. Inna ba ta iya zama hannu rabbana, ba a yi nisa ba ta fara yi wa ɗalibai wankau. Kullum za ka same ta a bakin rijiya, baho biyu a gabanta, igiyar shanya ta cika da riguna da wanduna. Da wannan take sayen goronta da sabulunta, ba ta taɓa aiko mini cewa wani abu ya ƙare mata ba.

Ba su kaɗai ke amfani da rijiyar ba. A bayan unguwar akwai kangaye da ba a gama ginawa ba, mutanen da suka baro ƙauyukansu sun rataya buhuna a tagogi sun zauna. Matansu su ne ke shigowa da safe da jarkoki da bokitai. Madam ta taɓa yi mini ƙorafin suna jiƙa tsakar gida, na sa aka yi ɗan daɓe a kewayen rijiyar, magana ta wuce. Ban hana kowa ba. Ni ma da na rasa abin sayarwa lokacin da na baro Zurmi, da a cikin irin waɗannan kangayen iyalina za su sauka.

Shekarar farko lafiya lau. In damina ta yi ƙarfi, ruwan da ke gangarowa daga saman unguwa yakan bi ta wani fili da ke bayan katangarmu, ya wuce can ƙasa. Ban taɓa ba wa filin nan muhimmanci ba sai ranar da na zo na tarar tifa tana juye jar ƙasa a cikinsa.

Wani Alhaji ne ya saya, ɗan kasuwa, mun san juna a masallacin Juma'a. Ɗakunan ɗalibai zai gina. Na same shi tsaye a inuwar motarsa yana kallon leburori, muka gaisa, na yi masa fatan alheri, sannan na ce, "Alhaji, wanga wuri ta nan ruwa ke bi in damina ta kankama."

"Na sani, Malam," in ji shi. "Shi ya sa nake ciko. In ban ɗaga ba, cikin ɗakuna zai kwana."

"To in ka ɗaga, ta ina zai bi?"

Ya dafa kafaɗata yana murmushi. "Kar ka damu. Bari a gama gini, sai mu haɗu mu ja lambatu. Ai maƙwabta muka zama."

Ba mugun mutum ba ne, har yau ban ce shi mugu ne ba. Gini ya tashi da rani, aka yi rufi, aka shafe, ɗalibai suka tare. Maganar lambatu kuwa duk sanda na tayar sai ya ce yana sane, yana jiran wasu kaya ne. Ni ma kasuwa ta ɗauke mini hankali. Ruwan farko ya zo ya wuce, na biyu ma haka, sai 'yar taruwa a gindin katanga da ke shanyewa kafin azahar.

Ruwan da ya yi ɓarnar da la'asar ya sauko, cikin watan Agusta. Ina rumfa muna ta jan tamfol a kan buhuna sai waya ta yi ƙara. Madam ce. Da ƙyar nake jin ta saboda ƙarar ruwa a kan kwano.

"Baba mai gida, ka zo! Ruwa ya shigo mana ta baya, salga ta fashe!"

Ba ɗan kabu-kabun da ya yarda ya gangara unguwar. Da ƙafa na ƙarasa, na naɗe wando, takalmi a hannu. Tun daga zaure wari ya tare ni. Ruwan ya taru a bayan katanga bai sami hanya ba, ya ci gindinta ya ɓullo ta ƙarƙashin makewayi. Daɓen salgar ya rufta gefe guda, abin da ke ciki ya taso ya gauraya da ruwan. Tsakar gida ta zama tafki, yana kai mini ƙwauri. Madam ta ɗora keken ɗinkinta a kan gado, 'yan biyu a kan tebur suna kuka. Ɗalibai suna ta fito da katifu a ka ba su san inda za su ajiye ba. Inna tana tsaye a kan turmi ta dafa bango, bakinta yana motsi.

Na nemi rijiya da ido ban gan ta ba. Bakin simintin ya nutse. Sai wani ɗan juyi da ruwan yake yi a wurin, yana zurarawa ciki.

Muka aro diga muka fasa katangar gaba, ruwan ya fita titi. Kafin magariba ya janye, ya bar laka baƙa a ko'ina. Na tsaya a bakin rijiyar na haska fitilar waya. Ta cika har kusa da baki, leda da tsummoki suna yawo a kai.

Washegari na nemo masu yasar rijiya. Suka zo da injin jan ruwa suka zuƙe ta, ɗayansu ya ɗaura igiya ya sauka, suka yi ta fito da laka bokiti bayan bokiti. Aka gyara salga, aka toshe gindin katanga da bulo da siminti. Na sayo alam da maganin ruwa na zuba. Ruwan ya sake tsattsafowa, ya kwanta, a ido garau kamar da. Amma in ka jawo guga na farko da safe ka kai hanci, akwai wani abu a ciki. Muka sake yashewa, abin bai tafi ba. Na tara mutanen gidan na ce kada wanda ya sha, a yi wanki da wanka kawai har mu ga yadda za ta yi.

Madam ta koma sayen ruwan leda don sha. Amma kwanoni da ruwan rijiyar ake wankewa, yara kuma da shi ake musu wanka, yaro kuwa in yana cikin baho ba ka hana shi kai hannu baki. Ba a jima ba namijin cikin 'yan biyun ya kama amai da gudawa.

A asibiti na same su. An ɗaura masa ƙarin ruwa a ɗan hannunsa, idonsa ya faɗa, ko kuka ba ya iya yi. Madam tana zaune a gefen gado ta goya 'yar'uwarsa, mijinta yana hanya daga Shinkafi. Na yi mata sannu, na ajiye lemon da na riƙo, na tsaya daga gefe. Ita ce ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma dube ni ba.

"Baba mai gida, ban ce laifinka ne ba. Amma rijiyar nan ba za ta zauna a buɗe ba ina cikin gidan. Ka zaɓa."

Allah Ya sa yaron ya tashi. Kafin a sallame su na kai wa mai walda awo ya yi mini murfin ƙarfe, na sa kwaɗo na kulle, na jefa makullin a aljihu.

Inna ta jira har mai walda ya tafi. Ta kira ni ƙofar ɗakinta, ta nuna mini tulin kayan ɗalibai da ke jiran wanki.

"Ɗana, waɗanga da mi zan wanke su?"

"Inna, ki yi haƙuri. Zan riƙa sa 'yan garuwa su kawo miki."

"Ruwan saye a yi wankau da shi? To mi ya rage mini a ciki?" Ta gyara zama. "Ni ba sha nake ba. Riga ba ta gudawa. Ka ba ni makullin, in na ɗiba in rufe."

"In na ba ki, matan nan suka shigo suka roƙe ki, za ki hana su?"

Ta san ba za ta iya ba. Can ta ce, "Su ma ina za su? Ka kulle nan, tafkin bayan gari za su koma. Wanne ya fi?"

Na ce mata zan yi tunani, na fita.

Kwaɗon bai daɗe ba. Na zo wata safiya na tarar an ɓalle shi, murfin yana jingine da bango. Na sayo wani, shi ma haka. Na tambayi ɗalibai, kowa ya ce yana makaranta. Na tambayi Inna, ta ce ita idonta ba ya gani sosai yanzu. Madam kuwa ta daina fitowa da yaranta tsakar gida, ta kulle su a ɗaki suna ta bubbuga ƙofa, tana ɗinki tana yi musu tsawa. Duk sanda na shigo sai ta ɗago ta dube ni ta cikin taga, ta mayar da kai kan kekenta.

Rannan na yi sammako na zo, na tarar da wata mata a bakin rijiyar da goyo a baya. Ta jawo guga ta ajiye a ƙasa tana gyara bakin jarka, 'yarta kuma, wata 'yar ƙarama da ke biye da ita, ta durƙusa ta kafa kai a gugan tana sha. Na yi tsawa ban san na yi ba. Yarinyar ta firgita ta ruga bayan uwarta.

Na sassauta murya na ce, "Baiwar Allah, ruwan ga ba shi da kyau. Salga ta shiga cikinsa. Yaron gidan nan har asibiti ya kwanta."

"Mun ji, Malam," ta ce. Ba ta daina ɗurawa ba. "Inda munka fito, wuri ɗaya muke sha da shanu. Wanga ko ba komai ana ganin gindin bokiti."

"Zai iya kashe ta."

Ta ɗago ta dube ni, idonta ba faɗa ba roƙo. "To ka nuna mini inda zan je."

Na tsaya ina kallo ta cika jarkarta, ta aza a ka, ta kama hannun 'yar suka fita. Ranar ban je kasuwa ba. Na zauna a zauren gidan a kan wani bulo har rana ta take, ina jin wasu suna shigowa suna wuce ni da sallama, ina amsawa.

Daga nan aka shiga zarya. Na je wurin mai unguwa, ya kira Alhaji, muka zauna a ƙofar gidansa a kan tabarma. Alhaji bai yi gardama ba. Ya jajanta, ya ce zai ba da siminti da bulo a ja lambatu ta gefen gininsa. Aka fara haƙa. Sai mai gidan da ke ƙasa da mu, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya fito ya tsaya a cikin ramin da sandarsa, ya ce in aka ja lambatun nan a ƙofarsa zai juye, shi kuma ginin ƙasa gare shi, ruwa ɗaya zai kwantar da shi. Gaskiya ya faɗa. Titin unguwar ba shi da babbar magudana da za a haɗa da ita. Aka koma wurin mai unguwa, aka kira na ƙasa da shi, shi ma ya kawo nasa uzurin. Yau wannan ya yi tafiya, gobe wancan yana da rasuwa. Na yi sawu har na daina ƙirgawa, in baro rumfa a hannun maƙwabcina in hau babur in je in zauna, a sha shayi a yi addu'a a watse. Lambatun yana nan inda ya tsaya, rabi, ya zama wurin zuba shara.

A cikin haka duba-gari ya zo, don yara da dama a unguwar sun kwanta. Mutum ne mai natsuwa. Ya leƙa rijiyar, ya je ya duba salgar, ya dawo ya tsaya a tsakaninsu.

"Malam, tun asali sun yi kusa," ya ce. "Da ƙasar da ke tsakani tana riƙewa. Yanzu ruwa ya buɗe hanya ta ƙasa, ko ka yashe ta kullum, abin zai ci gaba da tsattsafowa."

"In na tashi salgar fa?"

Ya waiga ya dubi faɗin gidan. Ni ma na duba. Ba inda za a kai ta.

"Ko da wuri, ƙasar ta riga ta sha," ya ce. "Ni shawarata a cike ta. Murfi ba zai hana mai ƙishi ba."

Na koma gida na kasa cin tuwo. Uwargidana Hajiya ta zauna kusa da ni tana yi mini fifita, ta ce, "Malam, ka rame a kan rijiyar nan. In wani yaro ya mutu, ba za ka sake barci ba. In ka cike, za a zage ka na ɗan lokaci a gaji." Na ce mata ba zagin nake ji ba. Ta ce ta sani.

Abu ɗaya na iya yi kafin nan. Alhaji yana da bohal a gidan ɗalibansa, mai aiki da hasken rana. Na same shi a shagonsa, na ce ban zo maganar lambatu ba, na gaji da ita. Na roƙe shi ya fito da kan famfo ɗaya waje, ta jikin katangarsa, saboda matan kangaye. Ya ce tankin da ƙyar yake isar masu haya. Na ce ko na safe kawai. Ya ce to, don Allah zai yi. Ya kuwa cika alkawari wannan karon. Famfon yana kawowa in an yi rana sosai, in ɗalibai ba su riga sun shanye ba. Jarkoki sukan yi layi tun asuba har kwanar titi, wasu su samu wasu su koma haka.

Da damina ta ɗauke muka cike rijiyar. Na sa aka kawo ɓaraguzan gini da jar ƙasa aka jibge a ƙofar gida, leburori suna shigowa da su a baro. Ni na fara zuba shebur na farko, don na ga suna jiran in ba da izini. Da farko in an juye baro sai ka ji ruwa ya amsa daga can ƙasa. Aka yi ta zubawa, amsar tana dusashewa, ruwan yana tasowa ja yana malala a daɓe, har ya zama ƙasa ce ke faɗawa kan ƙasa. Wasu daga cikin matan sun tsaya a zaure da bokitansu suna kallo. Ba wadda ta zage ni. Ɗaya ta ce, "Allah Ya ba da lada na baya," suka juya.

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tun safe. Da aka fara fasa bakin simintin ta tashi ta zo ta kwance igiyar gugan, ta naɗe ta a hannu a hankali, ta ɗauki gugan ta shige ɗaki ta saki labule.

Daga ranar gidan ya koma hannun 'yan garuwa. Da sanyi abin da sauƙi. Da bazara kuwa sai ka yi ta kiran mai kurar ruwa yana cewa yana layi, rana ta faɗi bai zo ba. Waya ba ta barina in auna hatsi cikin natsuwa. Wannan ya ce ba ruwan alwala, wannan ya ce an sace masa jarka, wannan ya ce salga tana wari don ba abin korawa. Na sayo tanki na ajiye a inda rijiyar take, ana ɗura shi, aka koma faɗa a kan wanda ya fi ɗiba. Na sa wa tankin kwaɗo, na ba wani ɗalibi makulli, ya tafi hutu da shi. Na nemi masu haƙa bohal, suka zo suka duba suka ce motarsu ba za ta shiga lungun ba, ko ta shiga ma ga salga nan. Ɗalibai suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu gidan Alhaji suka koma. Ban ga laifinsu ba.

Inna ta bar wankau. Yanzu ɓarar gyaɗa take yi wa wata mai ƙuli-ƙuli, tana zaune wuri ɗaya yini guda, ƙafafunta sun fara kumbura. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Muna gaisawa kamar da, tana sa mini albarka kamar da, sai dai hirar ta gajarta.

Madam ta jure har damina ta sake zagayowa. Duk sanda hadari ya haɗu sai ta ɗora kayanta a kan gado ta zauna tana kallon gindin katanga. Ruwa bai sake fasowa kamar wancan ba, amma yakan taru a baya ya kwana, ɗakunan ƙurya su yi ta danshi, tabarma ta yi funfuna. Wata rana ta kira ni ta ce sun sami wuri a saman gari, kusa da cocinsu, gidan yana kan tudu.

Ranar tashinsu na zo. Mijinta da mai keke napep suna ta ɗaure kaya, na kama musu muka ɗora keken ɗinkin, muka tokare shi da katifa. 'Yan biyu sun yi wayo, suna ta zagaya keken suna dariya, namijin ya yi ɓulɓul kamar bai taɓa ciwo ba. Inna ta fito da ƙuli-ƙuli a leda ta danƙa musu, ta shafa kansu. Madam ta share ɗakin tas, ta wanke shi da sauran ruwan jarkarta, sannan ta miƙo mini makulli da hannu biyu.

"Baba mai gida, mun gode. Ka yi mana ƙoƙari. A gaida Hajiya."

"Za ta ji. Allah Ya sa can ya fi nan."

"Amin. In da ɗinkin sallah a aiko, ban canja lamba ba."

Keken ya tashi yana tangaɗi a cikin laka, ya sha kwana. Na koma ciki in rufe ɗakin, sai Inna ta kira ni.

"Ɗana, zo ka ga bangon nan."

Na shiga ɗakinta. Bangon baya ya jiƙe tun daga ƙasa har kusan ƙuguna, wata tsaga ta taso daga kusurwa ta nufi taga. Na kai hannu na taɓa, shafen ya ɓare ya biyo yatsuna. Na ce mata ta kwashe kayanta ta koma ɗakin da Madam ta bari, zan nemo magini in kasuwa ta tashi. Ta ce to. Na taya ta jan gadon, na goge hannuna a riga, na fita neman ɗan kabu-kabu.